Haɗa auduga da lilin wajen kaɗi

Malam, ka tambaya ko za a iya cakuɗa auduga da silin lilin (wanda ake cirowa daga karan tsiron da ake kira flax) a kaɗa su tare. Ana iyawa, amma fara da kashi 70 auduga, kashi 30 lilin, kuma sai an daddatse lilin ɗin ya dawo kusan tsawon silin auduga, kamar santimita 3, kafin a shiɓe su tare. In ka bar shi da tsawonsa, zaren zai fito da kauri nan, siriri can.

Lilin ba ya miƙewa kamar auduga, don haka busasshiyar iskar hunturun Gusau kan sa ya riƙa tsinkewa. A yayyafa masa ruwa kaɗan, a rufe ya kwana, domin danshi na ƙara masa ƙarfi.