Amsa ga ɗan'uwan da jirginsu zai ratsa Mashigin Aden

Ɗan'uwa, tambayarka ta fama min tsohon miki. Ka ce jirginku zai bi ta Aden, kana so ka san yadda jiragen yaƙin Sin ke zama can wata da watanni nesa da gida, kuma ko rakiyar da suke yi wa jiragen kasuwa saboda 'yan fashin teku abin dogaro ce.

Kowa bakinsa na kan manyan jiragen dakon jiragen sama, su Liaoning da Shandong. Mu da muka yi shekaru a ruwa mun san inda maganar take: mai, ruwan sha, abinci, da tashar da za a yi gyara. Ayarinsu na farko na rakiya da ya taso daga tashar Sanya ta ƙasar Sin a Disambar 2008 jirage uku ne, Wuhan da Haikou na yaƙi, sai Weishanhu mai ɗauke da guzurinsu. Na taɓa hango su ana ɗurin mai, jirage biyu kafaɗa da kafaɗa, tiyo a tsakani, kuma tafiya ake yi ba a tsaya ba. Suna shiga Salala ta Oman su yi lodi, sai a 2017 suka buɗe sansaninsu a Jibuti.

Rakiyar kam tana aiki, in an bar ka ka shige ta. Mu ba a bar mu ba. Wani manaja yana zaune a ofis ya ce jiran ayari asara ce, mu wuce mu kaɗai. Da asuba kwale-kwalen 'yan fashin teku suka biyo mu. Muna ta feshi da tiyon kashe gobara, hannuna na rawa, wani yaro daga ɗakin inji yana kuka yana kiran sunan mahaifiyarsa. Kyaftin ya ƙure gudu, Allah ya tsare. Wallahi manajan nan ko sannu bai ce mana ba, man da muka ƙona ya tambaya. Har gobe raina na ɓaci.

Ku matsa wa kyaftin ya yi rajista da ayari da wuri. Ku san ɗakin ɓuya, ku ajiye ruwa a ciki. Kira gida kafin ku shiga, don Allah. Kuma tun 2023 hatsarin ya sauya, makamai ake harbowa daga Yemen, wayar reza da ake zagaye jirgi da ita don hana 'yan fashi hawa ba ta tare su. Duba kwantiraginka da kyau, wasu sun ba ma'aikaci damar ƙin shiga yankin, kada wani ya tsorata ka da kora.