API ɗinka ya ba da 200, amma da sauran aiki

Ka tambaye ni me ya sa na hana a ɗora API ɗin biyan kuɗin nan da ka rubuta, wato hanyar da manhaja ke bi ta turo buƙatar biya ta karɓi amsa, alhali ka gwada shi a manhajar gwaji ta Postman yana ta ba ka 200, lambar da ke nufin buƙata ta yi nasara. Toh ƙanina, 200 ɗin nan abu ɗaya ta nuna, in komai ya tafi daidai kod ɗinka na aiki. Ni kuma ranar da abu bai tafi daidai ba ita ke hana ni barci.

Kwastoma ya danna biya, saƙo ya isa saba, wato kwamfutar da kod ɗinka ke aiki a kanta, saba ta cire kuɗi, sai netwok ya ɗauke kafin amsa ta koma wayarsa. Shi dai yana ta kallon abu na juyawa a sikirin, me zai yi? Zai sake dannawa mana, ko bai danna ba wata manhajar da kanta take sake turawa in ta ji shiru. Na karanta kod ɗinka, POST na biyu, wato saƙon biyan da aka sake turowa, zai sake cire masa kuɗi ne ya kuma ba da 200 hankali kwance, wallahi ba abin da ke zubar da mutuncin kamfani da sauri irin wannan. Gyaran shi ne kowace buƙatar biya ta zo da lamba tata ita kaɗai, kamfanin biyan kuɗi na Stripe ma haka suke yi da lambar da suke kira Idempotency-Key, ka adana lambar tare da amsar da ka bayar, in ta sake dawowa ka miƙa tsohuwar amsa kar ka taɓa kuɗi. Kuma wajen gwaji kar ka tsaya a tura buƙatun ɗaya bayan ɗaya, turo biyun a lokaci guda, dan a nan ne duka biyun za su leƙa rumbun bayanai su ga ba komai su wuce tare, sai dai in rumbun da kansa ka sa ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu.

Na biyu, shiga da akawun ɗinka, oda ɗinka lamba 1043 ce ko? Canza ta zuwa 1044 a adireshin. In bayanan wani suka fito toh ka kulle ƙofar gida ne ka bar ɗakuna a buɗe. Wannan matsalar ita ƙungiyar tsaron manhaja ta OWASP suka sa a lamba ɗaya cikin haɗurran API a 2019, suka sake sa ta a 2023. Kamata ya yi ka ga 403 (ba ka da izini) ko 404 (ba a samu ba).

Sauran ƙanana ne amma a duba su. Adadin da ya gaza sifili, gurbin da aka bari fayau, 400 (kuskure daga mai turo buƙata) ya kamata su jawo ba 500 (kuskure daga saba) ba. Kuɗi kuma kar ka ajiye da ɗigo, buga 0.1 + 0.2 a yaren kod na Python ka ga 0.30000000000000004, ajiye shi da ƙaramin ma'aunin kuɗin, kamar kobo, a cikakkiyar lamba.

Kar ka fara da gyara. Rubuta gwajin biya sau biyu da na oda 1044 tukuna, ka kunna su ka ga sun faɗi da idonka, sannan ka gyara kod ɗin har su wuce, ka haɗa su yadda za su riƙa tashi da kansu duk lokacin da wani ya tura sabon kod. In ka gama turo min in duba.