Yaya Zan Shawo Kan Abokan Sana'ata Su Koma Linux?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu kusa da Terminus a Jos. Shekara biyu ke nan ina amfani da Linux Mint (wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows), amma duk wanda na yi wa tayinsa sai ya ce ba zai iya ba. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka fara da dogon bayani, domin mai sana'a aikinsa yake dubawa. Ka zuba Linux Mint a filashi, ka tayar da kwamfutarsa da ita ba tare da ka taɓa abin da ke ciki ba, sannan ka bar shi ya buɗe takardar Word da LibreOffice (manhajar rubutu da ke zuwa da Linux Mint), ya buga ta da hannunsa. Idan ta fito sumul, rabin gardama ta ƙare.

Ka tuna masa cewa Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, alhali Linux kyauta ne kuma yana tafiya a kansu lafiya lau. Amma fa kada ka ɓoye masa cewa CorelDRAW ba shi da samfurin Linux, saboda haka mai zana katin biki sai ya saba da Inkscape, manhajar zane da ke aiki a Linux, tukuna.