Neman gurbin horon ƙwarewa a Amurka tare da maigida

Likita, kin tambaya ko ke da maigidanki za ku iya neman gurbin horon ƙwarewa a Amurka ba tare da an jefa ɗayanku gabas ɗaya yamma ba. Za ku iya. Hukumar NRMP, mai rarraba guraben, ta yarda mutum biyu su haɗa jerin zaɓinsu na asibitoci.

Abin lura shi ne yadda jerin yake aiki. Kowa zai nemi asibitocinsa ta ERAS, shafin intanet da ake tura takardun nema, a watan Satumba, ya yi hirarsa shi kaɗai. Wurin jera zaɓi ne kuke zama ɗaya: layinki na farko yana ɗaure da nasa na farko. In asibitin Chicago ya so ki amma nasa bai ɗauke shi ba, layin ya faɗi gaba ɗaya, kwamfuta ta sauka na biyu. Shi ya sa nake cewa ku nemi manyan birane masu asibitoci da yawa, irin su New York da Philadelphia da Detroit, kuma ku tsawaita jerin sosai.

Akwai kuma layin da ɗaya ke samun gurbi ɗayan ya rasa. Don Allah ku zauna ku tattauna wannan tun kafin Maris, watan da sakamako ke fita, kada sakamako ya zo ku fara jayayya. Ni da ni ce, zan sa wannan layin can ƙasa amma ba zan cire shi daga jerin ba.

In an kira ki hira, ki rubuta wa asibitin cewa mijinki ma yana nema a garin. Wani lokaci yana taimakawa. Amma kafin komai, kowannenku ya kammala USMLE, jarrabawar lasisin likitanci ta Amurka, ya kuma samu takardar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka. Allah ya haɗa ku gari ɗaya.