Alhaji ya sauka Jidda, eSIM ya ƙi ba da data

Ka ce mutumin da ka sanya wa eSIM (layin da ake saukewa cikin waya ba tare da katin SIM ba) a shago kafin ya tafi Umara ya kira ka ta Wi-Fi ɗin otal, wai sabis a cike yake amma ko saƙon WhatsApp ba ya tafiya, kuma kana so ka san ta ina za ka fara. To yarona, maganar farko da za ka gaya masa ita ce kada ya kuskura ya goge eSIM ɗin. Akasarin kamfanonin da ke sayar da shi sau ɗaya suke bari a yi amfani da lambar QR, wato hoton da ake ɗauka da waya a sanya shi. In ya goge da niyyar ya sake sanyawa, sai ya tarar lambar ta mutu, kuɗinsa sun tafi.

Sai ka gane asalin abin, domin a nan yawancin masu gyara suke tuntuɓe. eSIM ɗin tafiya da ake saye ta intanet ba layin Saudiyya ba ne. Layi ne na wani kamfani da ke wata ƙasa, Turai ko Asiya, wanda ya ƙulla yarjejeniya da kamfanonin sadarwar Saudiyya, STC ko Mobily ko Zain, don ya hau sabis ɗinsu. Ke nan shi ma baƙo ne a can. Mu kuma mun saba gargaɗin matafiya su kashe Data Roaming, wato jan data a kan sabis ɗin wata ƙasa, don kada layin gida ya cinye musu kati, sai su kashe shi a kan kowane layi. Waya ta kama sabis, amma an hana ta jan data. Abin da ake so shi ne a kunna Data Roaming a kan eSIM, a kashe shi a kan layin gida, MTN ne ko Airtel.

In iPhone ce, ya shiga Settings, ya taɓa Cellular (a wasu wayoyin Mobile Service aka rubuta), ya zaɓi eSIM ɗin, ya tabbatar Turn On This Line a kunne yake, ya kunna Data Roaming. Ya dawo baya zuwa Cellular Data, ya ɗora alamar a kan eSIM, sannan ya kashe Allow Cellular Data Switching. Wannan na ƙarshe kada ka tsallake shi: in a kunne yake, waya na iya komawa layin gida da kanta. In Samsung ce, Connections, sai SIM manager, ya mayar da Mobile data kan eSIM, sai Mobile networks ya kunna Data roaming. Daga nan ya sa yanayin jirgi na daƙiƙa 30, ya cire, ya kashe Wi-Fi, ya ba ta minti biyu zuwa uku. Rajistar farko a kan baƙon sabis takan ɗau lokaci. Ka ce ya duba kusa da alamar sabis: in LTE ko 4G ko 5G ya fito, an gama.

In bai fito ba, APN ne abin dubawa. Shi ne sunan ƙofar da data ke bi zuwa intanet, kuma ba kowace waya ce ke cika shi da kanta ba, musamman Android. Sunan yana cikin imel ko manhajar kamfanin da ya sayar da eSIM ɗin. Kada ka yi masa cinta, kada ka ba shi na MTN. A Android zai shiga Access Point Names ya ƙara sabo, ya rubuta harafi da harafi, ya adana, ya kuma taɓa shi don ya zaɓe shi, domin da yawa suna adanawa su manta zaɓa. A iPhone wurin yana cikin Cellular Data Network.

Akwai kuma lokacin da waya kan liƙe wa kamfanin da eSIM ɗin ba shi da yarjejeniyar data da shi. Ya kashe zaɓin atomatik a Network Selection, ko Network operators a Samsung, ya jira jerin ya fito, ya zaɓi wanda mai sayarwa ya ambata. In ba a ambata ba, ya gwada STC da Mobily da Zain ɗaya bayan ɗaya, minti biyu kowanne. A cikin cunkoson Harami, sauke waya daga 5G zuwa LTE yakan taimaka. Ya kashe VPN, ya mayar da Private DNS kan atomatik, ya duba ko agogon wayar na saita kansa.

Kada ka manta da tambayar da ta fi sauƙi: ko datar na nan? Wasu kamfanoni suna fara ƙirga kwanaki daga ranar da aka sanya eSIM, wasu sai ya kama sabis a ƙasar. Giga ɗaya kuwa, in waya ta hau sabunta manhajoji da kwashe hotuna zuwa Google ko iCloud, ba ya kai yamma.

Reset Network Settings shi ne na ƙarshe. Ba ya goge eSIM a iPhone, amma yana share kalmar sirrin Wi-Fi da APN, don haka ya rubuta su a takarda tukuna, in ba haka ba kai da shi kun rabu.

Wanda zai zo gaba, tun a shago ka danna *#06#. In lambar EID mai lamba 32, wato shaidar eSIM ta wayar, ba ta fito ba, wayar ba ta ɗaukar eSIM, kuma haka akasarin Tecno da Infinix suke. In iPhone ce ta hannu daga Amurka, ka duba Carrier Lock a cikin About. Dole ya nuna No SIM restrictions. Ka raɗa wa layukan suna, ɗaya Gida, ɗaya Saudiyya, ka ɗauki hoton APN da lambar ICCID, wato lambar shaidar layin mai farawa da 89, ka ajiye masa a wayar. Ita masu sayarwa za su fara nema in ta kai ga ya yi musu magana.