Me ya sa matan labaran Sin ba su da lafiya?

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ina koyon Sinanci a Jami'ar Legas. A labaran da nake karantawa, kusan kowace mace in ba tari take yi ba, to tana kwance. Raina mata ne marubutan suke yi?
Wata ɗaliba, Agege

AMSA: 'Yata, ba raini ba ne. Waɗanda suka fi taɓa mini zuciya a kan wannan batu ma mata ne suka rubuta su, kuma a zamanin da tarin fuka ba shi da magani, don sai a 1943 aka gano maganin nan streptomycin.

A tsohon adabinsu akwai Lin Daiyu, a wani littafi na ƙarni na 18, kyakkyawa mai tarin jini, wadda ta mutu a lokacin da ake ɗaura wa masoyinta aure da wata. Ciwo a nan kamar ado ne. Sai marubuciya Ding Ling ta zo a 1928 da labarin Sophia, budurwa mai tarin fuka, ita kaɗai a ɗakin haya a Beijing, tana ta ɗumama madara ba don yunwa ba, sai don rashin abin yi. Da bakinta take ba da labarin. Ta faɗi cewa tana son wani kyakkyawan saurayi ɗan Singafo alhali ta raina halinsa. Jinyar ce ta raba ta da idon dangi har ta iya faɗin abin da ke ranta.

Amma wadda ta hana ni barci ita ce Yueying, a littafin marubuciya Xiao Hong na 1935, Filin Rayuwa da Mutuwa. Duk ƙauyen babu mai kyanta. Da jikinta ya shanye, da fari mijin ya yi ta neman magani. Da ya gaji, sai ya janye bargon, ya tokare ta da tubala. Maƙwabta mata suka zo yi mata wanka, suka tarar da tsutsa a jikinta. Ta ce a miƙo mata madubi. Wallahi a nan na ajiye littafin. Xiao Hong tana nuna cewa a gidan nan, darajar mace ta tsaya ne a kan aikinta da haihuwarta. Ita kanta ta rasu a Hong Kong a 1942, tana da shekara 30, bayan fama da ciwon huhu.

Mu ma mun sani. Sau nawa a Agege ko Idi-Araba ciwon mace ya daɗe, aka ce "a mayar da ita gida, iyayenta su yi jinya", aka sa ta a mota zuwa Arewa? Alhali maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, galibi na wata 6.

In kin gama waɗannan, nemi labarin Zhenzhen na Ding Ling, na 1941. Sojojin Japan suka kama ta, ta dawo da ciwon sanyi, mutanen ƙauye suka yi ta tsegumi, ita kuwa ta ƙi auren tausayi, ta shirya tafiya birnin Yan'an neman magani da karatu.