Kayan Sallar gidan surukai sun fi ƙarfina bana

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni malamar firamare ce a Jega, ina da 'ya'ya uku, maigidana kuma yana sayar da kayan gyaran babur. Tun ina amarya na saba wa gidan surukaina da kayan Sallah: Hajiya turmin atamfa da mayafi, ƙannensa mata biyu kowacce turmi, yaran gidan takalma da kayan wasa. A da albashina yana ɗauka har in yi wa kaina ɗinki. Yanzu abinci da kuɗin babur kawai suke cinye shi. Bara wurin dillaliya na ɗauki kayan bashi, ban gama biya ba sai bayan Babbar Sallah, ni kuwa tsohon kaya na saka na tafi Idi.

Abin da ya fi damuna faccalata. Mijinta yana da hali, leshi take kawowa, a baje a tsakar gida kowa na kallo. Hajiya ba ta taɓa nuna mini bambanci ba, amma ƙanwar mijina ta taɓa ɗaga atamfata ta ce, "Wannan ai roba ce." Ga azumi ya ƙarato. Wata ƙawata ta ce in ci bashi a manhajar waya. Maigidana bai san ina cikin wannan hali ba. Gwaggo, yaya zan yi in fita kunyar mutanen nan?

Wata ɗiyarki daga Jega

Wa alaikumus salam ɗiyata. Bashin manhajar nan kada ki kusance shi. Ruwa suke ɗorawa, riba ce tsagwaronta, kuma wasunsu idan an makara sai su bi lambobin da ke wayar mutum suna aika saƙon tozarci. Kunyar da kike gudu a tsakar gida ɗaya sai ta zagaye garin Jega. Ita ma dillaliya ki bar ta bana, kin san kuɗin kayan bashi ba ɗaya yake da na kuɗi hannu ba.

Kada kuma ki ɗauka gazawarki ce. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki Naira a tsakiyar watan Yunin da ya biyo baya, komai ya tashi. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari bisa ƙididdigar hukuma, litar mai da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai dubu. Al'adar da kika kafa a kan albashin wancan zamani ba za ta tsaya a kan na yau ba, kuma Hajiya ma cefane ake yi a gidanta, ta san abin da ake ciki.

Abin da ya tsaya mini a wasiƙarki shi ne maigida bai sani ba. Don me? Tufatar da Hajiya nauyin ɗanta ne, abin da kike yi kyautatawa ce. Ki same shi kafin a ga wata, bayan ya ci abinci ya huta, ki gaya masa bashin bara da yadda kika biya shi. Ki ce turmin Hajiya bana ku haɗa kuɗi ku saya mai kyau guda ɗaya, a kai wa tela da wuri, tun kafin goman ƙarshe da ɗinki ke tsada. Ita kam ba na so a rage mata komai, uwa ce. Ƙannen miji kuwa, in suna gidan aurensu, turminsu yana wuyan mazajensu.

To, me za ki kai da hannunki? Ɗiyata, a Kebbi kike zaune, abin da mutanen Legas ke biyan kuɗin mota su saya yana bakin ƙofarki. Aliero na nan kusa da ke, kuma a watannin rani da ake cire albasa arha take yi. Ki sayi daidai ƙarfinki, da tumatir da tattasai tun suna da sauƙi, ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta, ki rufa da yadi mara kauri saboda ƙura da ƙuda, har su bushe ƙarau. Ki daka yaji da hannunki, da citta da kanumfari da masoro. Ki haɗa da daddawa, da kuka, da 'yan mudu na shinkafar gida, in da hali da busasshen kifin Yauri. Ki shirya su a kwandon kaba ki rufe da faifai, ki bar ledojin nan da ke ƙarewa a kwata. Idan damina ta faɗi, tumatir ya zama sai mai kuɗi, Hajiya za ta buɗe kauɗarki ta yi miya, a lokacin da leshi ke ninke a ƙasan akwati. Na ga tsofaffi da yawa, kuma ban taɓa ganin wadda ta raina abin miya ba.

Idan kuɗi sun ɗan saura, ki dubi fitila mai cajin rana. Da zafin nan namu da ɗaukewar wuta, tsohuwar da ke tashi sahur da sallar dare za ta yi miki addu'a duk sanda ta kunna.

Yara su ne aka fi ɓarnar kuɗi a kansu. Bindigar roba da tabarau da agogon da ba ya tafiya, kafin yammacin Sallah sun karye, washegari suna bola. Ki saya wa yaran gidan kaza ɗaya mai shirin ƙwai ki ce tasu ce, su riƙa ba ta tsaba da ruwa. Kwana 21 take kwanci ta ƙyanƙyashe, kafin Sallar baɗi kowane yaro yana da tasa. Sai dai a yi mata rigakafi wurin malaman dabbobi, don ciwon kaji na hunturu ba ya barin ko ɗaya. 'Yan mata kuma ki kwaɓa lalle ki zaunar da su daren Sallah ki yi musu ƙunshi da kitso. 'Yar yarinya ba ta manta wadda ta yi mata ƙunshi.

Maganar ƙanwar mijinki ta yi ciwo, na sani, kuma ba ta kyauta ba. Manzon Allah (SAW) ya ce wa mata Musulmi kada maƙwabciya ta raina wa maƙwabciyarta kyauta ko da kofaton akuya ne. Amma kada ki mayar mata, kada kuma ki ƙullaci faccalarki, abin da Allah ya hore mata take bayarwa. Abin da za ki canja shi ne lokaci. Kada ki jira ranar baje kaya. Ki kai naki a makon farko na azumi, ki shiga ɗakin Hajiya ku biyu, ki durƙusa ki ce, "Hajiya, ga ɗan abin shan ruwa, da hannuna na haɗa miki." In ta tambayi atamfa, ki ce tana wurin tela, ɗanta zai kawo.

Abu ɗaya ya rage: bana ki yi wa kanki ɗinki, ko da yadi huɗu ne. Ki rubuto mini bayan Sallah in ji yadda kuka yi da maigida. Allah ya rufa asiri, ya kai mu watan lafiya.

Gwaggonki